Yadda Ake Tantance Bayanin Kayan Aikin Goge Kalanda da Aka Tanadar wa Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Idan mutum zai goge kalanda a kwamfuta ko a waya, yakan bi ta saituna, ya ga sunan kalandar da launinta, sannan akwatin gargaɗi ya fito ya tambaye shi ko da gaske yake. Wakilin ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ake ba umarni da maganar yau da kullum ta kuma zartar da aikin da kanta, ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke gabansa bai wuce sunan kayan aikin ba, wato aikin da aka tanadar masa ya kira domin goge kalandar, da 'yan layukan da suka bayyana shi, da jerin guraben da zai cike. A tsarin Model Context Protocol, wanda aka fi sani da MCP, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024, waɗannan ukun su ne `name` da `description` da `inputSchema`. Da su wakili yake yanke shawarar ko ya kira kayan aikin ko ya bar shi.

Saboda haka ma'aunin da ya dace da irin wannan bayani shi ne abin da wakili zai aikata idan ba shi da komai sai shi. Kyawun jimla da tsafta wajen rubutu suna da amfani, amma a kayan aikin da ke gogewa, babbar tambaya ita ce ko bayanin zai hana a goge abin da ba a yi niyya ba.

Mataki na farko: ware abin da wakili yake karantawa

Ka fara da tattara rubutun da ke isa ga wakili kai tsaye. A MCP ana samun sa ta hanyar aika buƙatar `tools/list` zuwa uwar garken, wato manhajar da ke ɗauke da kayan aikin, kuma abin da ya dawo shi ne abin tantancewa. Sau da yawa masu haɗa manhaja sukan rubuta dogon bayani mai gamsarwa a shafin gabatar da aikinsu, da gargaɗi da misalai, alhali abin da suka saka a `description` jimla ɗaya ce tak. Wannan dogon bayanin na mutane ne, wakili ba zai taɓa ganin sa ba, don haka kada ka ba shi maki ko ɗaya. Ka kwafe bayanin sauran kayan aikin da ke uwar garke ɗaya da shi ma, domin za ka buƙace su nan gaba.

Mataki na biyu: tabbatar da ainihin abin da ake gogewa

A nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin mafi yawan ɓarna daga nan take fitowa. Akwai ayyuka aƙalla huɗu da mai amfani zai iya nufi idan ya ce a cire masa wani abu daga kalanda, kuma kamfanonin da ke ba da hidimar sun raba su a sarari.

A Google Calendar, umarnin `calendars.delete` yana goge kalanda sukutum, amma kalandar da mutum ya ƙirƙira daga baya kaɗai, ban da babbar kalandar da ke haɗe da asusunsa. Ita babbar ba ta goguwa, sai dai a kwashe duk abin da ke cikinta da `calendars.clear`, a bar ta wayam. Na uku shi ne `calendarList.delete`, wanda ba ya taɓa kalandar ko kaɗan, illa dai ya cire ta daga jerin da mutum yake gani, sauran masu amfani da ita kuwa su ci gaba da harkarsu. Na huɗu, `events.delete`, taro ɗaya ko alƙawari ɗaya yake gogewa. Microsoft Graph, wanda ke bayan kalandar Outlook, shi ma yana ba da damar goge kowace kalanda ban da ta asali. A CalDAV kuwa, ƙa'idar da aka wallafa a RFC 4791 a shekarar 2007 wadda iCloud da Nextcloud suke aiki da ita, kalanda ma'ajiya ce mai ƙunshe da taruka, kuma goge ma'ajiyar yana tafiya da duk abin da ke cikinta.

To, ka karanta bayanin da ke gabanka ka tambayi kanka wanne daga cikin huɗun ya bayyana. Ga irin wanda za ka yawaita cin karo da shi:

"Yana goge kalanda ta amfani da lambar shaidarta."

Babu ƙarya a wannan jimlar, amma ba ta ƙara komai a kan sunan kayan aikin ba. A ɗauka wata ma'aikaciya ta ce wa wakilinta: "Cire mini kalandar jadawalin aiki ta sashenmu, ta cika mini allo." Abin da take so shi ne ta daina ganin ta. Idan ita ce ta ƙirƙiri kalandar tun farko, tana da ikon mai mallaka, kuma wakilin da ya dogara da waccan jimlar zai iya kiran kayan aikin gogewa, uwar garke ta amsa ba tare da wata gardama ba, jadawalin mutanen sashen gaba ɗaya ya ɓace. Ta fuskar na'ura babu kuskuren da ya faru: izini ya cika, lambar shaida daidai take, aiki ya tafi sumul. Gurin da abin ya lalace shi ne bayanin da bai bambanta gogewa da cirewa daga jeri ba.

Bayanin da ya ci wannan mataki dole ne ya faɗi abu uku ƙarara: cewa kalandar ce gaba ɗaya take tafiya, cewa duk tarukan da ke cikinta suna bin ta, da kuma irin kalandar da ba za a iya gogewa ba. Idan ɗaya ya ɓata, ka rubuta shi a matsayin babban giɓi. Kada ka yarda da hujjar cewa sunan kayan aikin ya isa ya nuna hakan, domin suna irin `delete_calendar` da `delete_calendar_event` kalma ɗaya ce ta raba su, kuma a uwar garken da ke ɗauke da kayan aiki masu yawa wannan tazara ba ta isa a dogara da ita ba.

Bayan ka karanta, sai ka buɗe rubutun da aka gina manhajar da shi idan a buɗe yake, ka ga wane umarni ake aika wa Google ko Microsoft a zahiri. Yakan faru bayani ya ce ana gogewa alhali cirewa daga jeri ake yi, ko akasin haka, kuma na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: ko ana iya dawo da abin, kuma wa abin ya shafa

Mutane da yawa sun saba da kwandon shara, har suna ɗaukar cewa duk abin da aka goge yana nan a ajiye na ɗan lokaci. A Google Calendar hakan gaskiya ne ga taro guda, wanda yakan zauna a kwandon har kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. Amma ita kalandar kanta, Google ya bayyana cewa gogewarta ta dindindin ce, ita da tarukanta, kuma waɗanda aka raba ta da su ma za su rasa ta. Wakili na iya yin irin zaton da mutum yake yi, har ya kwantar wa mai amfani da hankali cewa za a iya dawo da ita, alhali bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Don haka ka nemi jimlar da ta ce ba a iya dawo da abin da aka goge, kuma ka lura da inda aka ajiye ta. A ganina wurinta shi ne jimla ta farko ko ta biyu, domin gargaɗin da aka binne a ƙarshen dogon sakin layi ƙarfinsa ya ragu. Idan kuma hidimar tana da hanyar dawowa, bayanin ya faɗi tsawon wa'adin da kuma wanda ke da ikon dawowar.

Sai batun sauran mutane. Bayani mai kyau zai ambaci cewa kalandar da aka raba da wasu za ta ɓace a wurinsu su ma, kuma zai faɗi ko ana aika musu sanarwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma kamfanonin sun bambanta a kansa ko da a wajen goge taro guda: a Google gurbin `sendUpdates` ne yake tantance ko a sanar da kowa, ko waɗanda ba sa amfani da Google Calendar kaɗai, ko kada a sanar da kowa, a Microsoft Graph kuwa idan wanda ya kira taro ya goge shi daga kalandarsa, saƙon sokewa yakan tafi ga waɗanda aka gayyata. Wakilin da bai san wannan ba zai iya sa saƙonni su fita da sunan mai amfani ba da saninsa ba, ko kuma ya bar mutane suna jiran taron da babu shi.

Mataki na huɗu: duba guraben da ake cikewa

Kayan aikin goge kalanda galibi gurbi ɗaya yake da shi, wato lambar shaidar kalandar, kuma wannan sauƙin ne yake sa a yi sakaci da shi. Ka duba ko an bayyana daga ina ake samo lambar. Amsar da ta dace ita ce a ambaci sunan kayan aikin da ke jero kalandu, a kuma ce daga can za a ɗauko ta, kada a ƙirƙira ta ko a hasashe ta daga sunan kalandar. Ka duba kuma ko an nuna siffarta. A Google, lambar babbar kalanda ita ce adireshin imel ɗin mai asusun, ta kalandun da mutum ya ƙirƙira daga baya kuwa doguwar lamba ce mai ƙarewa da `@group.calendar.google.com`, sannan akwai kalmar `primary` da ake amfani da ita a madadin babbar kalanda a umarni da dama. Ya kamata bayanin ya faɗi abin da zai faru idan aka saka `primary` a nan.

Abu mafi haɗari a wannan mataki shi ne gurbin da ke da ƙima ta asali, wadda ake amfani da ita idan ba a cike komai ba. A kayan aikin da ke karanta taruka, babu laifi a ce idan ba a ambaci kalanda ba a ɗauki babbar. A kayan aikin gogewa ko kwashewa, wannan ganganci ne. Ka tabbatar gurbin yana cikin jerin `required` na `inputSchema`, wato jerin guraben da dole a cike, kuma babu wata ƙima da aka ɗora masa.

Idan kayan aikin yana karɓar sunan kalanda maimakon lambarta, ka ƙara sa ido, domin babu abin da ke hana mutum samun kalandu biyu masu suna ɗaya. Bayanin ya faɗi abin da ake yi idan suna ya dace da fiye da ɗaya, kuma amsar da kawai za a amince da ita ita ce a tsaya a tambayi mai amfani.

Mataki na biyar: auna alamomin hali da rubutun

Bitar da aka yi wa MCP a watan Maris na 2025 ta ƙara wasu alamomi da ke bayyana halin kayan aiki: `readOnlyHint` na nuna ko karatu kawai yake yi, `destructiveHint` ko yana lalata abin da ke akwai, `idempotentHint` ko maimaita kira iri ɗaya ba ya ƙara wani tasiri, sai `openWorldHint` ko yana hulɗa da abubuwan da ke wajen tsarinsa. Ga kayan aikin gogewa, na farko ya zama a'a, na biyu ya zama i. Idan ka tarar an ce karatu kawai yake yi alhali bayanin na maganar gogewa, wannan saɓani ne da ya isa a kayar da shi nan take, domin wasu manhajojin da ke ɗauke da wakilai da waɗannan alamomin suke yanke shawarar ko su nemi amincewar mutum kafin kira.

Alamar maimaitawa tana da ɗan sarƙaƙiya. Idan da lambar shaida ake gogewa, kira na biyu ba zai canza komai ba, ko da kuwa amsar da ta dawo ta zama ta kuskure, tunda kalandar ta riga ta tafi. Amma idan da suna ake gogewa kuma akwai kalandu biyu masu suna ɗaya, kira na biyu zai iya cin ta biyun. A irin wannan hali, alamar da ta ce maimaitawa ba ta da illa ƙarya ce.

Ka sani kuma cewa ƙa'idar da kanta ta kira waɗannan alamomi da ishara kawai, ta kuma gargaɗi kada a dogara da su idan daga uwar garken da ba a amince da ita ba suka fito. Saboda haka kasancewar `destructiveHint` ba ta ɗauke wa rubutun nauyin faɗin cewa gogewar ta dindindin ce.

Mataki na shida: amsa da saƙonnin kuskure

Idan gogewa ta yi nasara, Google yakan dawo da amsa wadda babu komai a cikinta, Microsoft Graph kuma lambar 204, mai nufin an yi aiki babu abin nunawa. Wakilin da ba a sanar da shi haka ba zai iya ɗaukar shirun a matsayin gazawa, ya sake gwadawa, ko ya shiga neman wata kalandar mai kama da ita. Ka duba ko bayanin ya faɗi yadda nasara take kama. Mafi kyau ma shi ne kayan aikin ya dawo da suna da lambar abin da ya goge, domin wakili ya maimaita wa mai amfani.

Ga kurakurai kuwa, abin nema shi ne ko an faɗa wa wakili matakin da zai ɗauka a kan kowanne. Lambar 401 na nufin shaidar shiga ta ƙare ko ba ta da inganci. Lambar 403 galibi rashin izini ce, misali mai amfani yana da ikon rubutu a kalandar amma ba shi ne mai ita ba, kuma a nan daidai shi ne a tsaya a ba shi shawarar cirewa daga jerinsa. Lambar 404 ko 410 na nufin ba a samu kalandar ba ko an riga an goge ta, kuma bayanin ya hana wakili gwada wata lambar da kansa. Lambar 429 na nuna an yi yawan kira, kuma jinkiri da sake gwadawa ne ya dace da ita.

Mataki na bakwai: lokacin da bai kamata a kira shi ba

Yanzu ka ɗauko bayanin sauran kayan aikin da ka ajiye tun farko. Bayanin gogewa ya kamata ya ambace su da sunansu: idan taro ɗaya ake son cirewa ga wanda za a kira, idan ɓoye kalanda ake so ga nasa. Idan uwar garken ba ta da kayan aikin cirewa daga jeri, bayanin ya faɗi hakan, don wakili ya gaya wa mai amfani cewa ba zai iya ba maimakon ya ɗauki abin da ya fi kusa.

Ka duba kuma ko an umarci wakili ya nemi tabbaci, da kuma irin tabbacin. Tambayar "ka tabbata?" ba ta da wani amfani idan mutum bai san abin da ake shirin gogewa ba. Tabbacin da ya dace zai ƙunshi sunan kalandar, da adadin tarukan da ke cikinta idan ana iya sani, da ko akwai wasu masu amfani da ita. Idan uwar garken tana da hanyar fitar da kalanda zuwa fayil na `.ics`, wato tsarin iCalendar na RFC 5545, ambaton a yi hakan kafin gogewa ƙarin daraja ne ga bayanin.

Ga yadda waccan jimla guda ta mataki na biyu za ta iya komawa bayan an cike giɓinta:

"Yana goge kalanda gaba ɗaya tare da dukan tarukanta, har abada, kuma ba a iya dawo da ita. Duk wanda aka raba ta da shi zai rasa ta. Mai mallakar kalanda kaɗai ke iya yin haka, kuma ba ya aiki a kan babbar kalandar asusu. Idan mai amfani yana son ya daina ganin kalanda kawai, a kira `unsubscribe_calendar`. Idan taro ɗaya ne, a kira `delete_event`. A ɗauko lambar shaida daga `list_calendars`, a karanta wa mai amfani sunan kalandar, a jira amincewarsa kafin kira. Amsar nasara tana ɗauke da suna da lambar abin da aka goge. Idan amsar ta ce ba a samu kalandar ba, kada a gwada wata lamba."

Bai kai kalma ɗari da ashirin ba. Tsawo yana da nasa farashin, domin duk bayanin kayan aiki yana cin wani kaso na gurbin rubutun da wakili ke iya riƙewa a lokaci guda, saboda haka jimlar da ke yabon kayan aikin ko maimaita abin da `inputSchema` ya riga ya faɗa abar cirewa ce.

Mataki na takwas: gwaji da wakili na gaske

Karatu kaɗai ba ya isa. Ka buɗe asusun gwaji wanda babu komai mai muhimmanci a cikinsa, ka ƙirƙiri kalandu kaɗan da gangan: biyu masu suna ɗaya, ɗaya da ka raba da wani asusun gwajin, da ɗaya da wani asusun ya raba da kai ba tare da ikon mallaka ba. Sannan ka ba wakili umarni irin na mutane, masu harshen damo: "share mini kalandar aiki", "ba na son ganin wannan kalandar kuma", "goge duk abin da ke ranar Litinin", "kwashe komai mu fara sabo". Ka rubuta kayan aikin da ya zaɓa a kowanne, da lambar da ya saka, da ko ya tsaya ya tambaya.

Ka maimaita kowane umarni sau da dama, kuma da wakilai fiye da ɗaya idan da hali, domin amsarsu ba ta tsayawa iri ɗaya, kuma babban wakili mai ƙarfi yakan rufa wa raunin bayani asiri da hankalinsa, ƙaramin kuwa ya faɗa ramin. Idan aka samu kuskure, ka gyara jimla ɗaya a bayanin ka sake gwadawa, domin ta haka ne za ka san wace jimla ce take aiki.

Mataki na tara: ba da maki

Da yawa daga masu tantancewa sukan ba kowane fanni maki su haɗa su raba, sai bayanin da bai ambaci dawwamar gogewa ba ya tsira da matsakaicin sakamako saboda gajere ne kuma tsararre. Ban ga dacewar wannan ga kayan aiki mai lalatawa ba. Shawarata ita ce a ware sharuɗɗa uku da rashin ɗaya daga cikinsu ke kayar da bayani ko da sauran sun cika: bayyana ainihin abin da ake gogewa, faɗin ko ana iya dawo da shi, da rashin saɓani tsakanin rubutu da alamomi da abin da manhajar ke yi a zahiri. Bayan an tsallake waɗannan ne za a auna sauran, wato bayanin gurbi, da saƙonnin kuskure, da nuni zuwa ga sauran kayan aiki, da taƙaitawa, kuma sakamakon gwajin mataki na takwas ya rinjayi ra'ayin mai karatu duk inda suka saɓa.

A rahoton da za ka miƙa wa masu kayan aikin, kowane giɓi ya zo da jimlar da kake ba da shawarar a ƙara da kuma umarnin gwajin da ya fallasa shi. Ka rubuta lambar fitowar manhajar da ranar da ka yi gwajin, ka kuma ajiye kwafin abin da `tools/list` ya dawo da shi, domin uwar garke na iya sauya bayanin kayan aikinta a sabuntawa ta gaba, ko ta ƙara wani sabo mai suna kusa da wannan, kuma idan hakan ta faru sai an sake bin mataki na biyu da na bakwai da na takwas.